Ranar da manhajata ta ƙi shiga waya

Har gobe ba zan manta da ranar nan ba, amma bari in fara da halina. Tun da na haifi Sadiq nake tsoron a ce wani abu ya taso ban zo da maganinsa ba. Ko nan da Babban Giji za ni, jakata sai ta cika da fulas, tocila, zannuwa, har da lema a tsakiyar rani.

Da wannan halin na shiga ajin kwamfuta da aka buɗe wa matan aure a Gyadi-Gyadi. Ni da ban gama sakandare ba, sai ga ni ina haɗa manhajar waya wadda za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranar rigakafi. Na zaɓe ta ne don Sadiq ya taɓa tsallake allura saboda mantuwata.

Malama Rifkatu, 'yar Kafanchan da ke koya mana, ta ce ba komai mutum yake rubutawa da kansa ba. Akwai kayan da wasu suka riga suka yi, ana ce musu laburare, ka ɗauko ka haɗa da naka. Wasu dole ne, wasu na ganin dama. A cikin fayil ɗin haɗawa, kowanne na ganin dama akwai eh ko a'a a gabansa.

Ni kuwa ina zan iya ce wa abu a'a? Taswira? Wata za ta iya ɓata a hanyar asibiti. Bidiyo? Wa ya sani. Haruffan Sinanci ma na ba su eh (na ce ai 'yan China suna zuwa Kantin Kwari). A kwamfutar aji komai ya tafi lafiya, har ina jin kaina.

Ranar nuni aka gayyato Inna Hajara, unguwarzomar layinmu, ta gwada. Ta miƙo 'yar wayarta mai fasasshen gilashi. Na tura, waya ta ce babu wuri. Na ce bari a gwada tawa. Ita ma haka. Na hau goge-goge a wayata don a samu wuri, kafin in ankara bidiyon sunan Sadiq ya tafi. Duk da haka ba ta shiga ba.

Malama ta buɗe fayil ɗin a gaban kowa, ta ga eh ɗin da na jera sun cika manhajar da nauyi.

"Maman Sadiq, rigakafi za a tuna musu, ko aikin Hajji za su tafi?"

Maman Ilham da ke kusa da ni ta nuna jakata ta ce, "Malama, ki duba nan, uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna Hajara ce kawai ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, matan da nake bi gida-gida duk irin wayata gare su."

Maganar ta fi dariyar zafi. Na yi ta tanadi don matar da ban taɓa gani ba, na rufe wa wadda na sani ƙofa.

Muka zauna da Malama muka mayar da su a'a, aka bar kalanda da ƙararrawa. Manhaja ta shige wayar Inna kamar an shafa mata mai. Bidiyon sunan dai bai dawo ba.

Jakata tana nan yadda take, ba zan yi ƙarya ba, don ni ke ɗaukarta. Amma ke da za ki haɗa wa mutane abu, don Allah, kafin ki ce eh, ki ari wayar maƙwabciyarki ki gwada.