Iya Murja da Hoton da Ba Ya Ƙarewa

"...Lafiya lau, ya hanya? Ya ka baro mutanen Zariya? Au, ashe kai ne, mijin banza! Da na sani ban ɓata gaisuwata ba."

Haka Iya Murja ta tarbi jikanta Ɗayyabu da hantsi, ranar da ya sauka Dandamisa daga makaranta, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ni Bilki, matar ƙanen babansa, ina gefe ina tsince shinkafa, raina a ɓace. Wata biyar ke nan idon tsohuwar nan na mutuwa, ta ƙi yarda. Ta zuba gishiri a kunu, ta taka garwashi har ƙafarta ta yi ruwa, amma da an ambaci asibiti sai ta ce idon da ya shekara hamsin yana ɗinkin hula ba ya neman likita. 'Ya'yanta kunya ta hana su matsa mata. Ni kuwa suruka ce, wa ya aike ni? Tsorona ɗaya, kada sai an makara a kai ta.

"Amarya, kin ƙara tsufa," in ji Ɗayyabu, yana tsokanar kakarsa. "Sakinki na zo yi."

"Ka sake ni wa zai kwashe ka, da wuya kamar sandar rake? Ina tsarabata?"

"Tana cikin kwamfuta."

"Tsarabar da ba a ci? Allah wadai."

Ya zauna bakin tabarmarta, ya buɗe kwamfutar.

"Saurara ki ƙaru. Layi goma sha biyu na rubuta, injin ya yi ta maimaita lissafi guda sau dubu. Sai ga wani baƙin abu kamar buzuzu, gefensa duk ƙayoyi. In na matso da gefen in ga murɗe-murɗe, a cikinsu wani ɗan buzuzun, shi ma da nasa 'ya'yan. Ko za ki kai tashin kiyama kina matsowa, ba ya ƙarewa."

"Shekara uku a Zariya, ashe kiwon buzuzu aka tura ka!"

"Launi ne ya gagare ni. Kowace lamba sai na zaɓa mata nata. An ce ke ce gwanar haɗa zare a ƙasar Makarfi, ni dai ban yarda ba."

"Wa ya fi ni? Faɗi sunanta in ji! Kawo nan."

Ya ɗora mata a cinya. Na taso na leƙa. Wallahi abin ya yi kyau, kore da rawaya sun nannaɗe juna har kaina ya soma juyawa. Iya ta sunkuya, hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Tir! Jan nan ya yi yawa. Mahauci ne ya koya maka?"

Babu ja ko ɗigo a wurin. Ɗayyabu ya ɗago ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai.

"To, na rage," ya ce, ya danna, hoton ya ƙara nutsawa ciki. "Yanzu fa, uwar gwanaye?"

"Sa shuɗi a gefe, baƙauye. Shuɗi shi ke riƙe ɗinki."

Yana cikin rubuta lambar shuɗin sai fuskar kwamfutar ta ɗauke ɗif. Caji ya ƙare, tun a mota yake danne-danne. Ba abin da ya rage sai baƙin gilashi.

"Yauwa!" in ji Iya, har da tafi. "Yanzu ka yi hankali. Ka ga yadda shuɗin ya zauna? Wannan in na sa shi a hula, sai an yi dambe a kasuwar Ikara."

Na fi son ta zage ni da in ji wannan yabon.

"Iya," in ji Ɗayyabu. Ban taɓa jin ya kira ta haka ba. "Kwamfutar ta mutu. Ba komai a gabanki."

"Ƙarya kake, ɗan nema."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ba na ƙirga yatsun ƙazami."

"To ji nan. Gobe da safe sai asibitin ido. Ko ki hau mota da ƙafarki, ko in goya ki har tasha, duk Dandamisa ta fito kallo. Baba yana jin kunyarki, ni ba na ji."

Tsohuwa ta yi ta shafa gilashin da tafin hannu. Can sai ta yi wata busasshiyar dariya.

"Ka ci ni, ja'iri. Tun azumi ban ga komai ba sai hayaƙi. Ban so a riƙa ja na da sanda a gidana ba ne." Ta ja numfashi. "Zan je. In sun ce an makara, kai za ka riƙe sandar. Matso."

Ya matso. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta tsaya a haɓa.

"Gemu? Yaushe?"

"Tun babbar Sallah. Ai da na zo kin ce ya yi mini kyau."

"Ƙarya na yi. Ko a hannu mummuna ne."

Tana dariya hawaye na bin kumatunta, kuma ba ta saki fuskar tasa ba.