Ranar da na yi wa Malam Bawa sanɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, lokacin ina koyar da Turanci a ajin manya da ke unguwar Gidan Igwai, bayan la'asar. Ni kuwa a lokacin ji nake duk Sakkwato babu malami kamata (satifiket ɗina ko wata shida bai yi ba).

Kalmar ranar ita ce “creep”. Na ce musu tafiya ce a hankali, a ɓoye, kamar yadda kyanwa ke yi wa ɓera, wato sanɗa. Kowa ya gane. Amma ina! Sai na nuna gwaninta.

A bencin baya akwai Malam Bawa, dattijo mai furfura, sabon zuwa daga ƙauye. Gadi yake yi, kullum a gajiye yake zuwa, ga shi ya ƙwallafa rai sai ya iya karatu ko ya samu aikin masinja. Ranar gyangyaɗi ya ɗauke shi. Na ɗora yatsa a baki, na tuɓe takalmi, na rankwafa, na bi bayan benci ina ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ajin na ta gumtse dariya, ni kuma kaina na ƙara girma. Da na isa, na cafke kafaɗarsa.

Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Ya faɗa ƙarƙashin benci, ya rufe kai da hannuwa yana cewa, “Kar ku halbe ni! Ku ɗauki shanun!” Wandonsa ya jiƙe, a gaban mutanen da ya haifi wasunsu.

Babu wanda ya sake dariya. Na tsaya ba takalmi, alli a hannu, kamar gunki.

Da ya dawo hayyacinsa, shi ne ma ya ba ni haƙuri. “Malam, ka yi man hanƙuri. Haka sunka shigo muna can gida, ba mu ji tahiyassu ba. Ɗiyana biyu sunka kashe.”

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sau biyu ina zuwa wurin gadinsa ina roƙonsa ya dawo. Ya tarbe ni da mutunci, har da ruwan sha, amma bai sake taka ajin ba.

Yanzu duk wanda barci ya ɗauka a ajina, daga bakin allo nake kiran sunansa, kuma sai na yi sallama tukuna.