Injin Ƙyanƙyasar 'Yan Aji Biyar

Abokina Malam Zayyanu, mai koyar da kimiyya a wata sakandaren gwamnati da ke yankinmu, shi ya ba ni wannan labari, kuma har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, haushi ya biyo baya.

An aiko musu takarda daga ofishin ilimi cewa za a yi gasar ƙere-ƙere, kowane aji ya ƙirƙiro wani abu da hannunsa, wanda ya yi fice a kai shi gasar jiha. Zayyanu mutum ne mai ɗaukar abu da zafi. Ya tara 'yan aji biyar, suka samo mataccen firji a wajen 'yan gwangwan, suka sa masa ƙwan fitila biyu, da 'yar fanka, da ma'aunin zafi, da batir mai caji da hasken rana. Wata yarinya mai suna Barira ita ce jagorarsu, don ita ta gano yadda za a riƙa juya ƙwai ba tare da an buɗe ƙofar ba. Suka zuba ƙwai talatin. Kwana ashirin da ɗaya cif, sai ga 'yan tsaki ashirin da shida suna tsiyau-tsiyau a ɗakin gwaji. Barira har da hawayenta. Yarinyar da ko cikin birni ba ta taɓa kwana ba, ga ta tana hango gasar jiha.

Firinsifal, wanda rabonsa da ɗakin gwaji tun ranar da aka yanka kirtanin buɗe shi, ya taka da kansa ya zo. Ya zagaya injin sau uku, ya sa albarka, sannan ya ce makaranta ba ta da katanga, abu mai daraja irin wannan bai kamata a bar shi a nan ba. Kafin a tashi an ɗora firji a bayan a-kori-kura, an nufi gidansa da shi don ajiya. 'Yan tsakin ma suka bi, wai kada kewa ta dame su.

Ana gobe gasa Zayyanu ya je karɓo inji. Firinsifal ya kama haɓa ya ce ai kuwa an yi rashin sa'a, Hajiyarsa ta zuba ƙwan zabi sittin a ciki, yau kwanansu goma sha biyu, in aka motsa sun lalace.

"Ku zana shi a kwali mana, Malam," in ji shi. "Ai alƙalan masu ilimi ne, za su gane."

Zayyanu na da iyali, ba ya neman a yi masa canjin wurin aiki zuwa bayan gari, sai ya je ya sayo kwali.

Ranar gasa alƙali ya iso, wani Dakta ne daga kwalejin ilimi, Firinsifal na biye da shi cikin babbar riga yana ta washe baki. Suka bi tebur-tebur. Ga jirgin sama na kwali da farfelarsa ta ƙi juyawa. Ga injin samar da wuta wanda sai an kawo wuta yake tashi. Ga na'urar tace ruwa da aka zuba mata ruwan rijiya ya fito kamar kunun kanwa. Dakta yana dubawa yana rubutu, har ya iso teburin su Barira, inda babu komai sai zane.

"Ke yarinya, ina aikin naku?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe."

"Wannan ai zane ne. Ina injin?"

Barira ta dubi Firinsifal. Firinsifal ya yi gyaran murya ya ce, "Yana wurin ajiya, Dakta. Ka san halin tsaro."

Dakta ya cire tabarau, ransa ya soma ɓaci. "Ni ba tatsuniya na zo sauraro ba. Dubi 'yan'uwanki, kowa ya kawo nasa ya ajiye a gabana. In babu shaida zan sa muku sifiri in wuce. Mene ne shaidarku cewa injin nan yana aiki?"

Barira ta ɗan rusuna ta ce, "Ai shaidar ke nan kake gani, ranka ya daɗe. Da ba ya aiki, da yana nan kan tebur kamar na kowa."