Malafar Sarkin Teku

Ranar da Malam Attahiru ya zo ceton gaɓar gulbi a wani ƙauye gefen Bungudu, kowa tabarau ɗinsa yake kallo. Ni malafarsa na kalla. Da jema aka saƙa ta, ciyawar nan mai doguwar saiwa da ke tsaye a bakin ruwa.

Allah ya yi mana baiwa da wannan bawan nasa. Ɗan Tsafe ne, cikin duwatsu ya girma, amma ya yi kwas na mako uku a Ikko, ya ga teku da idonsa, har ta jiƙa masa ƙafar wando. Tun daga nan ofishinmu na Gusau ke kiransa Sarkin Teku. Yana amsawa.

Aikinsa shi ne ya taimaki mutane su zaɓi yadda za su hana gulbi cin gonakinsu. Mutum ne mai son shawara, don haka zaɓi uku ya kawo: bangon siminti, bangon siminti mai tsawo, da bangon siminti mai farin fenti.

"Jama'a," in ji shi, "ni da na tsaya gaban teku ban ƙifta ba, wannan ɗan ruwan alwalar zai gagare ni? A sare ciyawar nan! Ba ta da amfanin komai!" Ya cire malafa ya yi fifita.

Aka sare. Inna Wasila kaɗai ta ƙi. Lambun albasar da mijinta ya bar mata a kan gaɓar yake, shi ne abincinta, kuma da jemar gefensa take saƙa. Ta ce saiwar ce ke riƙe ƙasa, kifi ma a nan yake ƙwai. Sarkin Teku ya sa na rubuta a rahoto: "Tsohuwa ɗaya ba ta waye ba."

Bango ya tashi, fari fat. Ya toshe mashayar shanu, mata suka koma zagaye mai nisa da tuluna, amma a hoto ya yi kyau ƙwarai.

Ruwan Agusta ya sauka kwana biyu. Gulbi, wanda bai je kwas ba, ya bi ta ƙarƙashi. Da muka iso, bangon ya yi sujada cikin ruwa, ya tafi da gonaki huɗu. Lambun Inna Wasila ko kunya ɗaya bai rasa ba.

Sarkin Teku ya matsa bakin gaɓa don ya yi bayani. Ƙasa ta zame. Malafa ta bi ruwa, shi kuwa ya cafki abin da hannunsa ya samu, ya rungume shi kamar ɗan'uwa. Jemar Inna ce.

Da aka jawo shi, rana ta bugi sanƙonsa. Ya yi gyaran murya ya tambayi tsohuwar ko tana da wata malafar.

"Akwai, ranka shi daɗe," ta ce. "Ta siminti kaka so, ko mai farin fenti?"

Ya ɗaure hankici a ka, ya shiga mota.