Bindigar Babana a Bangon Mai Girma

Jama'a, yau kam ku bar ni in yi ƙorafi son raina, don garin neman gira na rasa ido, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai wayona. Da hantsi na fita daga ɗakina a unguwar Al Asmakh, sabuwar shadda, hula zanna, turare har yana sa mutane waiwaye. Da la'asar na dawo kamar kazar da ruwa ya doka. Maƙwabcina Manasseh, wani nas ɗan wajenmu da muke haya a bene ɗaya, ya tare ni a matattakala ya ce, "Malam Haladu, lafiya? Ko kafil, ubangidanka na aiki, ya sallame ka ne?" Na ce masa wallahi da korar ce da ta zo da sauƙi.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ni mai gyaran esi ne a nan Doha, amma ɗan maharbi ne gaba da baya. Babana yana da wata bindigar toka da duk ƙauyenmu aka sani da suna Raba-Gardama. Maƙerin garinmu ne ya ƙera ta da ƙarfen sitiyarin wata tsohuwar a-kori-kura. Gindinta ya taɓa tsagewa aka ɗaure shi da fatar damo, ga wuri a jere, ga wata jar laya tana lilo kusa da kunama. In ta yi tari sau ɗaya a bakin dutse, biran yankin sai su yi mako suna zaman makoki. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka tsare gonar da ta biya min kuɗin makaranta.

To, shekarun baya sai ga wani babba a wajenmu, wanda saboda ladabi zan kira shi Mai Girma Uban Tafiya, ya dira garinmu da jiniya. Aka kafa rumfa, aka yi kiɗa, ya ce domin zaman lafiya kowa ya miƙa bindigarsa. Za a duba su ne kawai a yi musu lamba a dawo da su nan ba da jimawa ba, kafin nan kuma za a turo masu tsaro har gona. Baba mutum ne mai biyayya. Ya goge Raba-Gardama, ya miƙa ta hannu bibbiyu, aka yi masa tafi. Waɗanda aka yi dokar dominsu, mutanen daji masu manyan bindigogi, ba su halarci taron ba, ina jin goron gayyata ne bai kai musu ba. Birai kuwa tun a ranar labari ya iske su. Yanzu tsoho mai furfura, wanda aka yi wa kirari a dandali, shi ne yake zagaya gona yana buga gwangwani da kara, su kuma suna zaune a kan dutse suna cin masararsa suna kallonsa. Duk sanda na kira shi, ƙarshen hirar ɗaya ce: "Haladu, kai da kake ƙasar waje kana ganin manya, ba wanda zai yi min magana?" Ga masarar bana ta fara fitar da gemu.

Kwatsam, a makon nan sai ga Mai Girma a Doha da tawagarsa, wai sun zo nazarin harkar tsaro. Ku da kuke gida kuna zaginsa, ku ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan ya bar ku a layin mai tun asuba, ya sadaukar da kansa, ya sha wahalar jirgi, don kawai ya gano muku yadda gidan mai yake idan babu layi. Kuma bai zo shi kaɗai ba. Akwai mai riƙe masa waya, akwai mai riƙe wa mai riƙe wayar ruwa, akwai mai ɗaukar hoto, akwai wani da har suka kwana uku ban gano aikinsa ba sai cewa "haka ne, ranka ya daɗe". In wannan ba samar da aikin yi ba ne, ku gaya min sunansa.

Da suka nemi ɗan gida wanda ya san kasuwa kuma yake ɗan taɓa Larabci, 'yan uwa suka nuna ni. A nan na gane irin tsaron da aka zo nazari. Ashe Mai Girma mai sha'awar tara tsofaffin bindigogi ne. Jiya muka yini a kasuwar Souq Waqif, daga wannan shagon kayan tarihi zuwa wancan, yana shafa gindin bindiga, yana leƙa bakinta, yana tambayar shekarunta kamar mai neman aure. Da muka zauna shan shayi sai ya karɓi wayarsa ya ce, "Kai yaro, matso ka ga abin da ake kira tarihi." Bangon falonsa ne a hoto. Ga ta sojojin yaƙin Bama, ga mai baki biyu ta Turawan farautar giwa, ga wata doguwa mai ado da azurfa. A tsakiyarsu kuma, an haska mata fitila ita kaɗai, ga fatar damo, ga wuri, ga jar laya.

Shayin ya sarƙe ni, har mai cewa "haka ne" ya bubbuga min baya.

"Wannan," in ji Mai Girma, "gadon gidanmu ce. Da ita kakan kakana ya tare mayaƙa a bakin ganuwa." Na ce, "Allah ya jiƙan mazan jiya, ranka ya daɗe." A zuci kuwa na ce lallai gidan nan ya yi abin a yaba, tun ba a ƙirƙiro mota ba suna da sitiyari.

Na dawo gida raina a ɓace, na zayyana wa Manasseh komai, na ce gobe zan tare shi in faɗa masa gaskiya ko ta fanjama fanjam. Manasseh ya yi dariya ya ce, "Mutumina, ba ka san manya ba. Mu a asibiti ba ma yi wa yaro allura yana kuka, sai mun ba shi alewa ya shagala. Babba ma haka yake. Ka bari ya samu abin da yake so, yana cikin washe baki sai ka soka roƙonka." Na ce Manasseh, Allah ya yi maka albarka, da kai ne a tawagar nan da ƙasa ta gyaru.

Alewar kuwa na san inda take. Akwai wani dattijon Balarabe, Abdul-Majeed, da na daɗe ina gyara masa esin majalisarsa. Shi ma mai tara tsofaffin bindigogi ne, amma shi ya san kowace da labarinta. Kuma irin dattawan nan suna da wata al'ada: idan baƙo ya nace da yabon wani abu a gidanka, kunya ba za ta bar ka ka ƙyale shi ya tafi bai tafi da shi ba. Shi ya sa mai hankali in ya shiga gidansu yake yi wa bakinsa linzami. Ni kuma, mai wayon duniya, sai na ja Mai Girma zuwa gidan dattijon yau, na raɗa masa wannan sirri a mota. Na ga idonsa ya yi wal.

Jama'a, tun daga bakin ƙofa ya fara. Ya yabi darduma. Ya yabi butar gahawa. Ya yabi dabino, aka ƙaro masa faranti. Ni ina fassarawa ina zufa. Can idonsa ya sauka kan wata doguwar bindiga mai lagwani, irin wadda Larabawa suke kira abu fatila, ta kakan maigidan. Sai ya miƙe tsaye ya dafe ƙirji. "Masha Allah! Gaya masa ban taɓa ganin irinta ba." Na gaya masa. "Gaya masa in na mutu ban mallaki irinta ba, na yi zuwan banza duniya." Na gaya masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya koma ya zauna, ya sake tashi, ya sake yabo. Dattijon nan yana jan carbi, fuskarsa ta canja. Daga bisani ya tashi, ya sauko da ita da hannunsa, ya ɗora wa Mai Girma a cinya ya ce, "Khalas, shi ke nan, taka ce." Wallahi na ji kunya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma na ce ba komai, alewa ta shiga baki, saura allura.

Ina cikin shirya kalmomin roƙona sai murna ta ɗebi Mai Girma, ya ce a miƙo waya, shi ma ya nuna wa maigida cewa ba ƙaramin mutum ya yi wa kyauta ba. Abdul-Majeed ya sa tabarau yana dubawa. Ta yaƙin Bama, ya ɗaga kafaɗa, yana da irinta. Mai baki biyu, ya wuce. Sai ya tsaya. Ya buɗa hoton da yatsu, ya kawo shi kusa da hanci, ya daɗe yana kallon fatar damo da jar laya. Sannan ya ɗago ya dubi Mai Girma ido cikin ido ya ce, "Masha Allah. Ban taɓa ganin irinta ba."

Sau ɗaya tak ya faɗa, ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da kurɓar gahawa. Har mai cewa "haka ne" ya manta da aikinsa. A nan na tuna abin da ko yaron goye ya sani a ƙasar Hausa, na kuma manta da shi saboda zumuɗi: yaba kyauta tukwici. Dattijo ya rama, kuma da sandar da na sara da hannuna.

Mai Girma ya waiga ya ga mai hoto ya saita shi. Ya gyara babbar riga ya ce, "Gaya masa na ba shi ita! Gaya masa zan naɗa tawaga ta musamman ta rako ta har nan, domin ƙarfafa zumunci." Ya zungure ni da gwiwar hannu. "Fassara mana, yaro, me kake jira?" Haka na buɗe bakin nan nawa, da Larabcina na masu gyaran esi, na ba da kyautar bindigar ubana.

A mota na kasa daurewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Bindigar nan sunanta Raba-Gardama, ta mahaifina ce. Shi ya miƙa maka ita a ƙarƙashin rumfa, aka ce za a yi mata lamba a dawo da ita. Birai sun gama da shi." Na zaci zai ji nauyi. Ina! Sai ya kama hannuna yana girgizawa. "Allahu akbar! Ashe kai namu ne! Ka gaya wa dattijo ya yi alfahari, bindigarsa za ta wakilci al'umma a ƙasar waje." Na ce, "Biran fa, ranka ya daɗe?" Ya ce maganar birai tana gaban kwamiti. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba, kar ka damu. Na yi maka alkawari, ina komawa za a mayar masa da abarsa." Mai cewa "haka ne" ya farfaɗo ya ce haka ne.

Da na gama ba Manasseh labari a matattakala, sai ya ce in kwantar da hankalina. A cewarsa, abin da Mai Girma ya yi alkawarinsa ga mutum ɗaya ma ba ya motsi, balle wanda ya yi wa mutum biyu. Balarabe ba zai gan ta ba har abada. Na ce ai Baba ma ba zai gan ta ba. Ya ce, "To, wannan kuma ban ce maka ina da maganinsa ba."

Bayan magariba na kira gida. Na yi niyyar in yi kwana-kwana, amma tsohon nan yana jin muryata ya ce, "Ka gan ta ke nan." Na faɗa masa komai, ban rage ba. Sai ya ce, "Tana nan lafiya dai? Fatar ba ta saki ba?" Na ce a hoto dai ba ta saki ba, Baba. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ka bar wahalar da kanka, na san ba za ta dawo ba. Abu ɗaya za ka roƙar min shi. A riƙa ɗiga mata man kaɗanya a kunama duk Juma'a, a goge mata baki da tsumma. In aka bar ta haka nan tsatsa za ta cinye ta, kuma ba ta saba da wulaƙanci ba." Na ce to, Baba.

Saƙon iyaye ba a zama da shi, don haka nan take na kira mai riƙe waya na isar. Bai jima ba ya kira ni, ya ce Mai Girma ya ji daɗin wannan shawara ƙwarai, yana kuma gaida dattijo da kyau. Wai in tambayi Baba ko yana da tsohon kwari da baka, don akwai sauran fili a bangon.