Garar Rabi a Ɗaki Mai Taya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai garar ƙanwar matata ba, kuma ko na so in manta, surukaina ba za su bar ni ba.

Waya ce ta ja min. Na ga bidiyon wasu Turawa suna jan ɗaki sukutum da mota, da gado da taga da komai, abin ya shiga raina ya hana ni sakat. Na samu mai walda a nan Kaura Namoda, muka ɗora akwatin ƙarfe a kan tayoyin wata tsohuwar a-kori-kura. Aka fitar da ƙofa, na sa katifa, na shafe shi da koren fenti. Na ce a ciki zan riƙa kwana a gona lokacin girbi (har yau ban kwana ba). Murna kuwa ba a magana, duk wanda ya zo gaishe ni sai na zagaya da shi ya gani.

Ana nan aka yi bikin Rabi, ƙanwar matar tawa, aka kai ta wani ƙauye gaba da Zurmi, wajen Birnin Tsaba. Saura gara. Surukata da 'yan'uwanta sun yi kwanaki a bakin murhu: alkaki, nakiya, dubulan, ga buhun fulawa, ga jarkar manja, ga ƙwaryar man shanu. Kun dai san gara, ita ce mutuncin amarya, a gaban dangin ango ake buɗe ta kowa ya sa ido. Ana cikin shawarar motar da za a ɗauko na yi caraf na ce a bar min, ai ranar ɗakina ce ta zo.

Da safe na ɗauko famfon ƙafa don in ba tayoyin ɗakin iska. Lissafina mai sauƙi ne: kaya na son iska, saboda haka iska ba ta yawa. Na yi ta takawa har cinyata ta sage, na buga tayar da sifana ta yi ƙara tangaran, na ce madalla. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, iskan ga bai yi yawa ba?"

Na ce, "Ke dai je ki ɗaura ɗankwali, wannan harkar injiniyoyi ce." (Ni malamin tarihi ne.)

Aka loda gara a ɗakin, mata suka cika mota. Sai Goggo Hajo, yayar surukina, ta ce ita ba ta barin gara ba mai tsaro. Ta leƙa ta ga katifa ta ce, "Ni nan ciki za ni shiga, in miƙe ƙahwata." Daɗi ya kama ni, ga fasinjata ta farko.

A kan kwalta abin sai wanda ya gani. 'Yan acaɓa na ɗago min hannu, ina amsawa da ham kamar mai neman ƙuri'a. Da muka wuce Zurmi muka sauka hanyar gargada, kuma kowa na so a juyo kafin la'asar, sai na taka mota. Ta madubi ina hango ɗakin yana tsalle, na ce a raina lafiyar taya ke nan. Can na fara jin dum! dum! daga baya. Matan na waƙar biki, sai na ce, "Kun ji, Goggo ma ta kama kiɗa!" Aka rangaɗa guɗa, na ƙara wuta.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gwaggwannin ango sun jeru. Na fito ina gyara hula, na ce jama'a a ɗan ja baya, na buɗe ƙofar da ƙasaita.

Manja ne ya fara fitowa. Sannan Goggo, da rarrafe, fara fat da fulawa daga kai zuwa ƙirji, ja wur daga nan zuwa ƙasa, dubulan guda maƙale a ɗankwalinta. Ƙwaryar man shanu kaɗai ta tsira, tana rungume da ita. Ta tofar da gari ta dube ni.

"Ɗan nan, mi niy yi maka? Tun Zurmi nika bugun bango ina salati, kai kana ƙara gudu!"

Wata gwaggon ango ta buɗe kwanon alkaki, ta ɗebo ta murza a hannu ta ce, "Wanga alkaki na ko tsakin kaji?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, musamman da na hango Rabi a bakin zaure idonta ya ciko. Goggo ce ta fitar da ita kunya. Ta miƙe a yadda take ta ce, "Ku shaida, garar ɗiyarmu lahiya lau ta baro gida. Ga wanda yad daka ta nan." Ta nuna ni. Aka fashe da dariya har da amaryar, aka kawo cokula aka ci alkaki. Goggo dai a babur ta koma gida.

Daga baya na sayi ma'aunin iska, na koyi cewa ana auna taya ne tun tana sanyi, daidai nauyin kayanta, a ɗan ƙara wa tayoyin bayan mota, a rage in za a shiga gargada, a kuma rage gudu. Na haddace duka, ina karanta wa duk wanda ya tsaya. Surukaina ma sun yafe min, har yanzu in ana biki suna kirana da ɗakina. Turmi da taɓarya ake ba ni in kai.