Ƙanwar Akta

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Isuhu a Konni ba. Lokacin bidiyo yana sabon shiga. Wan ango ya tsallaka Najeriya ya zo da kaset ɗin wani fim na faɗa, aka kafa talabijin a rumfa bayan la'asar don baƙi.

Ni kuwa na sha kallon fim ɗin a silima har na haddace shi. Ingilishi kam ko kalma ba na ji (Faransancin lakwal, wato makarantar boko, ma da ƙyar muka rabu lafiya), amma na san inda akta zai yi tsalle da inda bos zai faɗi. Ga Rabi, ƙanwar amarya, wadda nake nema, zaune cikin mata. Ga kawunta Alhaji Mamman a kujerar gaba. Sai na miƙe na ce ni zan fassara.

Da farko abin ya yi armashi. "Ku dubi taga, yanzu za ya hito!" Sai ga akta ya fito. Jama'a na tafi, ni ina gyara zaman hula.

Can sai aka nuno wani ɗaki da ban taɓa gani ba. Ba bindiga, ba naushi. Akta zaune da wata mace, sai magana suke ta yi. Ashe fim ɗin iri biyu ne: gajeren da ake nunawa a silima, da dogon na kaset, wanda aka mayar wa duk abin da aka yanke. Wannan sai daga baya na sani.

Alhaji ya waiwayo. "Yaro, wagga hwa wa ta? Mi suka hwaɗi?"

Mai hankali zai ce bai sani ba. Ni na ce, "Ƙanwatai ta, Alhaji, uwa guda uba guda. Shina yi mata nasiha ta riƙe mijinta da amana."

"Madalla," in ji Alhaji. "Ashe Nasara ma sun san zumunci."

Bai rufe baki ba akta ya jawo ƙanwar tasa ya haɗa bakinsa da nata. Kuma ba su yi gaggawar rabuwa ba (wanda ya tsawaita fim ɗin nan, Allah ya isa).

Mata suka ɗauki salati suna rufe wa yara ido. Wan ango ya yi tuntuɓe da waya garin kashe talabijin. Alhaji ya zura takalmansa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"In haka aka nasiha gidanku, kada in ƙara ganin ka ƙohwar gidanmu."

Rabi dai wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ta aura, ni kuma na tashi da suna Malam Nasiha, har yau shi ake kira na a tasha. Tun daga ranar, ko hanyar Alela, garin nan da ke kusa da Konni, aka tambaye ni, in ban tabbata ba, sai in ce a tambayi na gaba.